Jinin Malam Gwaji

Shafi na 27

Masu cewa na yi muku rowa a shafin baya, ku gyara zama. Ke kuma baiwar Allah da kika cika min akwatin saƙo da rantsuwar cewa Injiniya ne mugun, ki riƙe rantsuwarki da kyau kada ta zube.

*

Manaja ba ta ko ajiye jaka ba shugaban ɗakin awon jini ya turo ƙofar ofishinta. Dattijo ne da ba ya hawa bene sai ta kama dole, don haka ganinsa kaɗai ya sa gabanta ya faɗi. Ya mayar da ƙofa ya rufe, ta nuna masa kujera ya ƙi zama.

"'Yata, Malam Gwaji yana da jini."

Saura kaɗan ta yi dariya.

Duk asibitin babu wanda bai san Malam Gwaji ba, babu kuma wanda ya taɓa ganinsa, don babu shi. Ita ta ƙirƙiro shi da hannunta. Lokacin da ta cire farar rigar nas aka damƙa mata aikin raba asibitin da katin takarda a mayar da komai cikin kwamfuta, sai ta lura ma'aikata na tsoron taɓa bayanan mutanen gaske. Shi ne ta buɗe musu majinyacin ƙarya su koyi hannu a kansa. Bawan Allah ya ga rayuwa. An ba shi gado an sallame shi, an karya masa ƙafa, an cire masa haƙori, wata ungozoma ta rubuta masa tsohon ciki. Mutuwa kuwa ya yi ta ba adadi, da safe Injiniya ya tayar da shi. Idan nas ta tafka kuskure sai a ce bar ta, Malam Gwaji ya saba.

Ƙa'idar aiki ita ce a goge shi ranar da aka fara amfani da tsarin da gaske. Ba ta goge ba. Nas-nas suka yi ta roƙo wai sababbin ɗauka ba su gama koyo ba, ita kuma ga kunyar tsoffin abokan aiki. Ta bar shi, ta kuma bar ƙofar koyon da kowa ke shiga da ita, wadda lambar sirrinta ke rubuce a jikin filasta an manna a gefen kwamfutar kowane ɗaki. Sirrin da har masu goge-goge sun haddace.

Dattijon ya yi ƙasa da murya. Ya ce makonnin baya kwalbar jini ta zo masa da sunan Malam Gwaji manne a jiki, ya ɗauka wata ce ta ɗibi nata don koyo, ya auna ya shigar. Ƙoda ta ɗan nuna gajiya, bai kawo komai a ransa ba. Aka sake kawowa, abin ya ƙaru. Ga ta yau kuma, da sassafe.

"Jinin mutum ɗaya ne, na ba ki tabbaci. Ƙodarsa na tafiya. A na yau akwai wani gishiri da ya taru masa, irin wanda ke tsayar da zuciya ba sallama. Ko waye, ko yana ina, bai kamata rana ta faɗi ba a sa shi a injin wankin ƙoda ba."

"Wa ke kawo kwalbar, Baba?"

"Cikin kwando take zuwa tare da sauran. Kwando ba ya magana."

Kafin ta sake tambaya wayar tebur ta yi ƙara. Darakta ne ke nemanta, yanzu.

*

Tun daga yadda ya amsa gaisuwarta ta san wani ya riga ta zuwa. Waye? Dattijon bai wuce ofishinta ba. Ta ajiye tambayar a gefen zuciya.

Darakta bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa, yanka yake a hankali. Ya ce ya samu labari ana awon jini da sunan mutumin da babu shi, har magani an fitar masa daga ɗakin magani. A garinsu sunan wannan sata. Gobe masu ɗaukar nauyin aikin za su zo su duba komai kafin su yarda a wuce mataki na gaba, kuma abin da za su fara tambaya shi ne ko an share bayanan koyo.

Ta ce masa akwai rai a bayan sunan nan. Idan aka goge Malam Gwaji, an goge hanyar gano mai jinin.

"Ki goge shi kafin a tashi," ya ce. "Gobe ki zo min da sunan wanda ya yi. In babu suna, ai akwai wadda aka ce ta goge ba ta goge ba."

Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga.

"Kin san da aka ce nas ba za ta iya riƙe irin wannan aiki ba, ni na tsaya miki. Satin nan za a tabbatar da ke a kujerar. Kada ki kunyata ni."

Ta fito daga ofishinsa. Haushi take ji, da tsoro, da kunya, duk sun cakuɗe. Ta sha karatun ƙarshen mako, ta ci jarrabawar iya tafiyar da aiki bayan ta faɗi sau ɗaya, ta shanye habaicin masu cewa an ɗauko mai allura an ba ta ofis. Yanzu ana saura ƙiris, mutumin ƙarya zai kayar da ita.

A ƙarƙashin bene ta tsaya ta kira maigidanta, don shi ne mai sanyaya mata rai in abu ya cushe. Waya ta ƙi shiga. Sai ta tuna ai ya faɗa mata, haɗa wutar sola zai je yi wata gona can bayan gari, inda babu sabis ko na rantsuwa, sai jibi zai dawo. Yau ma tun duku-duku ya fita shan mai ya daɗe, ya dawo ya kai yara makaranta, ya sauke ta a bakin asibiti. Har tsiya ta yi masa a mota, ta ce babban mutum da shi zai je gaban masu aiki da silifas. Ya ce takalman ne duk suka matse shi, ƙiba ce, girkinta ya karɓe shi. Suka yi dariya, don rabonta da ɗora tukunya har ta manta, shi da babbar 'yarsu ke fama. Kullum maganarsa ɗaya ce, ke dai ki gama aikinki, Manajan gidana.

Ta mayar da wayar aljihu ta nufi ɗakin Injiniya.

*

Injiniya ya nemi kujerar da aka ba ta, kowa ya san wannan. Ya fi ta sanin kwamfuta nesa ba kusa ba, abin da bai iya ba shi ne zama da nas mai shekara talatin a aiki ya lallashe ta ta taɓa allo. Tun daga ranar gaisuwarsu ba ta wuce ta fatar baki ba.

Ta same shi cikin sanyin na'urorinsa yana shan shayi. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Kai ka kai wa Darakta?"

"Ni na kai."

Ta yi tsammanin zai musa, sai ya bar ta da baki buɗe. Ya ce aikinsa ne, ɗakin magani suka tambaye shi dalilin da majinyacin koyo ke cin maganin gaske, in ya yi shiru gobe a wuyansa za a rataya. Ta ce ai da ya fara zuwa wurinta. Ya ce da ta goge tun farko ai da babu zuwa wurin kowa. Gaskiya ce, kuma ta yi mata ɗaci.

Ta tambaye shi ko zai iya gano wanda ya shigar da buƙatar awon. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce da ƙofar koyo aka shiga, wato kowa ne, wato ba kowa ba. Sannan ya juyo mata da allon.

"Amma kin tuna faɗan da muka yi a kan lambar waya?"

Ta tuna. Ita ta kafe cewa kada tsarin ya karɓi buƙatar awo sai da lambar waya mai aiki, saboda ta sha ganin sakamako mai haɗari ya fito an rasa inda za a samu mai shi. Injiniya ya ce wahalar da mutane ne, ta ce a wahalar. Da can sifili ne jere a gurbin lambar Malam Gwaji. Yanzu lamba ce sosai.

Ba ta san lambar ba. Nan take ta kira. Ta yi ta ƙara har ta katse, ba a ɗauka ba.

"Akwai kuma wani abu," ya ce, idonsa a kan kofin shayi. "Ban faɗa wa Darakta wannan ba. Duk daga kwamfuta ɗaya aka shigar. Ta ɗakin kwanciya na sama."

Ɗakin da yayarta ke shugabanta.

Ta dube shi ta daɗe. Taimako ne wannan ko tarko? In ya rasa ta ta gaba, sai ya biyo ta bayan gida? Fuskarsa ba ta nuna komai ba, kuma hakan ya fi ba ta haushi. Ta ce masa nas nawa ne ke taɓa kwamfutar nan a yini, har da likitoci da 'yan koyo. Ya ce haka ne, shi dai ya faɗi abin da ya gani.

*

Ta hau sama da wayar a hannu. Dabara ɗaya ce ta rage mata, ta mutanen da: ta riƙa kira tana tafiya tana kasa kunne.

Ta bi ta gaban teburin nas-nas tana kira, idonta a kan aljihunansu. Wata ta taɓa aljihu, gaban Manaja ya buga, ashe biro take nema. Ta leƙa ɗakin canza kaya inda jakunkuna ke rataye, shiru. Ta tsaya kusa da mai tura keken majinyata, ta tsaya bayan wani likita har ya waiwayo ya tambaye ta ko lafiya. Kowa ta kalla sai ta ga kamar ya kumbura, kowa ya gaishe ta sai ta ji kamar da biyu. Mutanen da ta yi shekaru tana raba kwano da su, yau tana leƙen idon sawunsu kamar mai sayen akuya.

Ƙofa ɗaya ta rage, ta ƙaramin ofishin babbar nas, wato yayarta. Ta so ta wuce. Ƙafarta ta ƙi.

Yaya ce ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai ta makarantar koyon jinya, ita ta ɗaura mata hular farko. Ranar da ta ce za ta koma ofis kuwa, sai da Yaya ta yi wata guda tana amsa mata gaisuwa da ka. Har gobe ba ta kiran aikin da sunansa, sai dai aikin danne-danne.

Yaya na zaune tana jera allurai a faranti. Kwanan aiki ta yi, ya kamata a ce ta tafi gida tun safe, amma ga ta. Idanunta sun kumbura sun yi jawur.

"Auta, yau danne-dannen ne ya biyo da ke ta wajenmu?"

Manaja ta ɗaga wayarta. Ta danna kira.

Daga cikin durowar teburin wani abu ya fara gurnani, ƙasa-ƙasa, yana kaɗa makullan da ke ciki.

Hannun Yaya ya tsaya cak a kan farantin. Babu wadda ta yi motsi har kiran ya katse don kansa.

Manaja ta tura ƙofa da bayanta ta rufe.

"Buɗe durowar, Yaya."

"Ni kike ba umarni?"

"Don Allah ki buɗe."

Ta buɗe. Tsohuwar ƙaramar wayar Yaya ce, mai tsagaggen murfi, wadda ta ce ta ɓata tun bara, ashe sabon layi aka sa mata.

Abin da ya fara taso wa Manaja fushi ne, ba ta kuma ɓoye ba. Ta ce ta san Yaya ba ta taɓa son aikin nan ba, amma ba ta zaci za ta haƙa mata rami a cikinsa ba. Ta ce gobe sunanta za a kira a gaban baƙi a ce ɓarauniya ko sakarya, ta zaɓi ɗaya. Ta ce duk asibitin nan a rasa wanda zai yi mata haka sai wadda ta goya ta. Yaya kallonta kawai take, hawaye na taruwa a kumburarrun idanun nan.

Idanun ne suka tsayar da ita. Kumburi. Ramar da Yaya ta yi kwanan nan. Yawan zama da ta koma yi, ita da ba ta san kujera ba.

Fushin ya zube gaba ɗaya, tsoro ya maye gurbinsa. Ta zagaya teburin ta durƙusa a gabanta.

"Ke ce? Yaya, ƙodarki ce? Shi ya sa kika ɓuya a bayan sunan namiji don kada in gane?"

Ta kamo hannun Yaya ta ture hannun rigar sama tana neman sawun allura a lanƙwasar gwiwar hannu. Babu. Ta kamo ɗayan. Babu. Ta duba bayan tafin, ta duƙa ta danna idon sawunta da babban yatsa kamar yadda Yayar ta koya mata da kanta. Fata ta dawo daidai, ko alamar rami babu.

Ta ɗago a hankali.

"Na yau ya fito?" Yaya ta tambaya. Muryarta ta dishe. "Tun safe nake zaune a nan na kasa buɗe kwamfutar."

Manaja ta faɗa mata abin da dattijon ɗakin awo ya ce, kalma da kalma, har da maganar kada rana ta faɗi. Yaya ta dafe tebur. Farantin ya goce, allurai suka watse a ƙasa, babu wadda ta kalle su.

"Innalillahi. Na faɗa masa. Wallahi na faɗa masa."

"Wa?"

Yaya ta kawar da kai.

"Yaya, jinin waye?"

Sai maganar ta ɓalle mata, tana yi tana share fuska da gefen mayafi. Ta ce mutumin da kansa ya same ta, ya ce jikinsa ba daidai ba, amma sai da ya sa ta rantse kafin ya nuna mata ƙafarsa. Ta ce a buɗe masa fayil, ya ce a'a. Ya ce duk sunan da ya shiga kwamfutar nan, Auta na ganinsa kafin likita ya gani. Wani asibitin kuma ya ƙi zuwa, wai a hannun Yaya kaɗai ya yarda. Ita ce ta tuna da Malam Gwaji. Ta faɗa wa wani likita sakamakon a baki, a kan na wani ɗan uwa ne, ya faɗi magani, ya ce a kawo shi da gaggawa. Ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta yi barazanar tona shi. Kullum amsarsa ɗaya.

"Ya ce in kin sani, ranar za ki ajiye aikin ki koma nas, nas ɗin mutum ɗaya. Ya ce kin sha wuya kafin ki kawo nan. A bar ki ki ƙarasa satin nan kawai, a tabbatar da ke, sannan ya faɗa miki da bakinsa."

Manaja ta girgiza kai. Zuciyarta ta riga ta gane, ita ce dai ta ƙi yarda.

"Ban gane ba."

"Kin gane, Auta. Ke nas ce kafin ki zama komai." Yaya ta riƙo fuskarta da hannu biyu. "Yaushe rabon da ki ga mijinki da takalmi?"

Shan man da ya daɗe. Riga mai dogon hannu cikin wannan zafi. Ƙiba ce, girkinki ya karɓe ni. Da ita aka yi dariyar.



Yaya ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta share ido, ta koma babbar nas, ta jawo wayar tebur tana cewa bari ta sa a shirya gado da inji, kuka ba yanzu ba.

"Kira shi ya taho. Kada ya tuƙa, ya samu mai kawo shi. Da na ɗibi jinin da safe ya yi min alkawari gida zai koma ya kwanta ya jira sakamako."

Manaja ta dube ta.

"Gida ya ce miki?"

"Gida mana. Ina zai je da wannan ƙafar?"

Manaja ta zaro wayarta. Ta lalubo lambarsa ta danna, ta buɗe muryar wayar don Yaya ta ji da kunnenta.

Muryar matar nan ta kamfanin waya ta cika ɗan ofishin, a natse, ba ruwanta: lambar da kuke kira ba ta cikin inda sabis ke kaiwa.

"Yaya," ta ce. "Ba ya gida. Ko sunan gonar ban tambaye shi ba."